Malamar da ke karɓe kilina a bakin ƙofa

Kullum da safe tana riga ɗalibanta isa ɗakin gwaje-gwaje. Ta goge tebura, ta jera batira da ƴan kofuna, sannan ta tsaya bakin ƙofa da gwangwani, kowane yaro ya jefa kilinarsa ta goge rubutu a ciki kafin ya shiga. Dokarta ke nan a ajin kimiyya na ƙaramar sakandare: kafin gwaji ka rubuta abin da kake zato zai faru, in ya saɓa kada ka goge. Shi ya sa yara ke ce mata Malama Me-ka-zata.

Ƴar yayana tana ajinta, kuma mun sha ruɗewa a gida. Yarinyar ta rubuta zaton da bai yi daidai ba, ta sami maki. Ƙawarta ta gyara nata ya dace da littafi, aka rage mata. In sun tambayi dalilin abin da suka gani, sai Malama ta ce su kwana da shi. Yaya ya ce, "Ni fa ban gane ba, makaranta na kai ta ko gidan kacici-kacici?"

Iyaye suka kai ƙara, suna so a karɓe ajin daga hannunta, a shekararta ta ƙarshe kafin ritaya. Ranar taron na bi Yaya, na maƙale a kujerar baya.

Malama ba ta kare kanta ba. Ta ɗora soson ƙarfe mai laushi, irin na kafintoci, a kan sikeli, ta ce, "In na ƙona wannan, nauyinsa zai ƙaru ko zai ragu?"

"Haba Malama," in ji wani tela, "ko jikata ta san toka ba ta kai itace nauyi ba."

Duk muka ce zai ragu, har da ni da digirina. Ta goga masa batir, ya kama ja yana tartsatsi. Da ya huce, sikeli ya nuna ƙari.

"Sikelin nan na ƴan kasuwa ne," wata uwa ta ce. Aka kawo wani, aka sake. Ƙari dai.

Yaya ya cire hula ya sosa kai. "To, me ya sa?"

"Ƴarka ta sani, Alhaji. Kwana ta yi da shi kafin ta gano."

Shugaban makaranta ya tambayi masu son a sauya ta. Ba wanda ya ji shi, tela da Yaya suna can suna leƙa ƙarƙashin sikeli. Ajin ya zauna a hannunta.

A gida yarinyar ta ce wani sashe na iska ne ya haɗu da ƙarfen. Yaya ya ce, "Yanzu iskar ma nauyi gare ta?"

Malama, ke ce uwar masu tambaya. Ke kika koya wa yaranmu cewa ruɗewa ba abin kunya ba ne, ƙaryar ganewa ce abin gudu. A ƙarshen watan nan za ki aje alli. Mun gode, Allah ya ba da hutu mai albarka. Malaman da za su gaje ki kuwa, don Allah ku daure ku bar yaro ya ɗan yi ta kokawa da tambaya kafin ku miƙa masa amsa.