Isma'ila Ɗan Dako da Kwamfutar Autarsa

Duk wanda ya taɓa sauke albasa a kasuwar Mile 12 ya san Malam Isma'ila, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai wuya a ɗan karkace hagu, wanda ke tsayawa a bakin tirela yana raba wa 'yan dako kaya. Ci-rani ya kawo shi Legas daga wani ƙauye a ƙasar Bakori, yana saurayi, da niyyar komawa kafin shuka. Damina ta sauka ta ɗauke bai koma ba. Ya yi dakon albasa, ya yi na tumatir, ya yi na doya, har gammo ya cinye masa gashin tsakiyar kai, wuyan kuma ya ƙi miƙewa. Da ƙarfi ya fara ja baya, 'yan kasuwa suka ce ya bar ɗauka ya riƙa tsara masu ɗauka, tunda shi yakan gane buhun da zai kayar da mutum tun kafin a ɗaga shi.

A Agege ya zauna, bayan layin dogo, shi da matarsa Kalsum da 'ya'yansu huɗu. Doka ɗaya ya kafa a gidan wadda ba a wasa da ita: ɗansa ba ya ɗaukar kaya. Ko jarkar ruwa ya ga yaro ya rungumo, sai ya karɓe.

"Malam, za ka lalata yaran nan," in ji Kalsum. "Wata rana ko tukunya ba za su iya saukewa daga murhu ba."

"Nasu na riga na ɗauka musu," yake ce mata.

Babban ya zama tela, na biyun yana tsaron shago a Jankara, ta ukun tana aure a Kaduna. Saura auta, Hafsa, haihuwar Agege, wadda Yarbanci ya zauna mata a baki kamar Hausa. Ita ce ta sami gurbi a wata kwalejin fasaha a Yaba, za ta karanta zanen gine-gine. Tun kafin a fara darasi aka gaya musu kowa ya zo da kwamfutarsa ta hannu, domin a cikinta za a riƙa zanen. Isma'ila ya zauna da yayunta suka haɗa abin da za su iya, kuma kowa ya san sau ɗaya za a yi wannan hidima. Idan kwamfutar ta mutu a tsakiyar karatu, babu ta biyu.

Don haka ya ƙi aiken kowa. Ya ɗauki Hafsa suka tafi kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wurin Mahbub, ɗan wani tsohon amininsa mahauci a Oko-Oba. Mahbub magidanci ne, gyara shi ne sana'arsa, yana kuma sayar da sababbi da na hannu. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kantocin cike da matattun kwamfutoci an jera su kamar faranti.

"Baba Isma'ila da kansa! Yau albasa ta ƙare a duniya ke nan?"

"Ubanka ma da wannan bakin ya tsufa. Fito mana da kaya mu gani."

Mahbub ya jera guda biyar a kan tebur. Hafsa ta fara buɗewa tana danne-danne. Isma'ila bai buɗe ko ɗaya ba. Ya riƙa ɗora kowacce a tafin hannu yana jinjinawa, ya ajiye, ya ɗauki ta gaba. A saninsa, tukunya mai nauyi ita ke daɗewa, haka fartanya, haka shadda. Daga ƙarshe ya hango wata ƙatuwa a ƙasan kanta wadda ba a ma fito da ita ba, ya jawo ta, ya jinjina, fuskarsa ta saki.

"Ga kaya nan ka ɓoye. Wannan za a ba mu."

Mahbub ya yi dariya har ya dafa bango. "Baba, wannan da ƙyar idan ba ta girmi Hafsa ba. Batirinta ya mutu tun tuni. Manhajar zanen da za su yi aiki da ita, ko buɗewa ba za ta yi a ciki ba."

"To wannan nauyin duk na mene ne?"

"Na tsufa ne, Baba."

"Ka ji ɗan banza," in ji Isma'ila, amma ya mayar da ita inda ya ɗauko.

Aka tace aka tace, biyu suka rage. Ɗaya fara ce, sabuwa a kwali, siririya kamar littafin rubutu. Ɗayar baƙa, ta hannu, irin wadda ma'aikatan ofis suka yi amfani da ita a ƙasar waje aka kwaso, mai kauri, gefenta har ya ɗan goge. Mahbub ya ce dukkansu za su yi aikin, kuma kuɗinsu kusan ɗaya ne.

"Ni ba mai talla ba ne, mai gyara ne, abin da ake kawo min nake gani," ya ce. "Kamfanin farar nan suna da kyan fuska, batirinsu yana riƙe wuta, amma jikin roba ne, kuma wurin da murfi ya haɗu da gangar jiki yakan saki. Ga 'yan'uwanta can a sama. Kamfanin baƙar, ƙashinta ƙarfe ne, kuma duk abin da ya lalace a jikinta zan samo shi a layin nan kafin ka gama shan shayi. Sai dai ta hannu ce, ban san wanda ya riƙe ta ba, wataƙila baɗi a canza batir. Ba zan rantse maka a kan ko ɗaya ba."

Hafsa ta matsa kusa da Mahbub ta yi ƙasa da murya, ta ce masa da Yarbanci ya taimake ta ya ƙara yabon farar.

"Ina jin ku," in ji Isma'ila. "Na riga ku zuwa garin nan."

"Baba, don Allah dubi wannan baƙar fa. Kamar murfin injin niƙa."

"Miƙo jakarki, Auta."

Ya zura baƙar a cikin jakar goyon da ta zo da ita, ya ƙara cajarta mai kama da rabin bulo, ya ɗaga da yatsu biyu. Sai ya ajiye jakar. Ya tambaye ta yadda za ta riƙa zuwa makarantar. Ta ce daga gida za ta taka zuwa tasha, ta hau danfo zuwa Oshodi, ta hau gadar sama ta tsallake, ta sake neman wata motar zuwa Yaba, sannan ta taka zuwa aji. Da yamma kuma haka. Ga littattafai, ga allon zane, ga gorar ruwa.

Shi kuwa bai taɓa yanke kuɗin dako ba sai ya san hanya, domin buhun da ba shi da nauyi a bakin mota yakan zama wani abu a kan gada. Ya dubi kantar matattun.

"A cikin gawarwakin nan akwai irin waɗannan biyun, masu lafiyayyen jiki?"

"Akwai. Cikinsu ne ya ƙone, jikin lafiya lau."

"Ara min su."

"Baba, me za ka yi da mushe?"

"Makaranta zan kai su."

Haka aka yi. Isma'ila ya nemi wani ya riƙe masa bakin tirela da safe, ya goya jakar Hafsa, ya bi hanyarta a daidai lokacin da za ta riƙa fita, lokacin da Agege take juyewa gaba ɗaya zuwa tasha. Kalsum ta tsaya a ƙofa tana kallonsa.

"Ɗalibi, a dawo lafiya. Idan malam ya yi tambaya ka ɗaga hannu."

Da baƙar ya fara. A Oshodi aka yi turereniyar da aka saba, kwandasta yana ihun "Oya, oya!", wani ƙato ya zauna rabinsa a kan jakar, ƙarfen kujerar gaba ya tokare ta. Da ya isa Yaba ya buɗe, ko ƙwarzane babu. Amma tun a kan gada ya ji igiyar jakar tana cin kafaɗarsa, wurin da ya san yadda ciwon yake farawa da kuma inda yake ƙarewa. Ga shi nauyin bai kai kashi ɗaya cikin goma na buhun albasa ba, amma kullum ne, safe da yamma, shekara da shekaru, a kan yarinyar da ko bokiti ba ta saba da shi ba.

Da ya koma kan farar, sai ya ji kamar bai goya komai ba. Ta je ta dawo lafiya. Ranar ya shigo gida da fara'a, har ya sayo wa Kalsum burodi. Ya sake fita da ita, ta sake dawowa lafiya. Ya fara cewa a ransa yaran zamani ma sun san abin da suke yi. Har naɗe ta ya riƙa yi da tsohon ɗankwalin Kalsum, yana rungume ta a mota, abin da bai yi wa baƙar ba, kuma ya san bai yi mata ba.

Wata safiya aka yi ruwa, motoci suka yi ƙaranci. Da wata danfo ta tsaya mutane suka yi kanta gaba ɗaya, aka matse shi da bakin ƙofa, ya ji wani ɗan ƙas a bayansa. Bai buɗe a Yaba ba. Sai da ya dawo Agege ya zauna a kan benci a ƙofar ɗaki, ya zaro ta. Murfin ya lotsa a tsakiya, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, gefe ɗaya na mahaɗar ya ɗage.

Hafsa ta fito ta tsaya a kansa. Ta karɓa ta juya ta, ta buɗe ta rufe, murfin yana lilo.

"Matsewar yau ta yi yawa," in ji Isma'ila. "Ba kullum ake ruwa ba. Idan aka sami jaka mai tauri, ko a ɗinka mata wani abu kamar akwati..."

"Baba, a Legas ne ba kullum ake ruwa ba?"

"Ko na riƙa raka ki zuwa Oshodi, na tsallakar miki da ita gada."

Kalsum ta leƙo daga wurin murhu. "Ka bar aikinka ka zama ɗan dakon 'yarka? Idan ta yi aure ma ka bi ta da jakar."

"Ba da ke nake ba."

"Baƙar za a saya," in ji Hafsa. "Idan wannan ce ta fashe min a wata na uku, me zan ce wa su Yaya? Ni zan ɗauka, Baba. Ba buhu ba ne."

"Ba ki san kaya ba, Auta."

"To ai kai ka sani."

Ya mayar da farar cikin ɗankwalin ya naɗe.

Da suka koma Ikeja, Mahbub ya dubi gawar da aka dawo masa da ita ya kama baki. "Baba, na ba ka mushe ka sake kashe shi?" Ya ƙi karɓar komai a kanta. Ya buɗe baƙar mai rai a gabansu, ya kwance bayanta ya nuna musu cikin, ya hure ƙura, ya sa manhajar zanen, Hafsa ta ja layuka ta ga suna tafiya yadda take so. Ya ce idan batir ya fara gajiya ta kawo da wuri. Isma'ila ya biya, ya ɗauki jakar da kansa har gida.

Ranar da za ta fara zuwa aji, bayan sallar asuba gari ya waye, ya kira ta tsakar gida. Ya ajiye jakar a ƙasa, cike, da kwamfuta da caja da littattafai.

"Ɗauka in gani."

Ta sunkuya ta fizgo ta da hannu ɗaya ta rataya a kafaɗa.

"Ajiye. Haka ake karya ƙugu. Ba a sunkuyar da baya, gwiwa ake lanƙwasawa. Sake."

Ta sake.

"Igiya biyu aka yi mata, ki sa duka biyun. Wanda ya ce miki rataya ɗaya gayu ne, ki turo shi ya ga wuyana. Mai nauyin ta kwanta a jikin bayanki, littattafai a waje. Ja igiyar nan, kada ta yi lilo, kayan da ke lilo nauyinsa biyu ne. A kan gada kada ki tsaya a tsakiyar matakala, ki hau da numfashi ɗaya, ki huta a sama. Idan za ki shiga mota ki juyo da ita ƙirji."

"Malam," in ji Kalsum, "ka manta gammo."

Hafsa ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya zagaya bayanta ya sa hannu a ƙarƙashin jakar ya ɗan ɗaga, ya ji inda nauyin ya zauna, ya rage igiyar hagu kaɗan. Sannan ya janye hannunsa a hankali har nauyin ya sauka a kanta gaba ɗaya.

"Ya kika ji?"

"Da sauƙi, Baba."

"Yanzu ne da sauƙi. Idan kin dawo ki gaya min wace kafaɗa ce ta fara magana. Je ki, kada ki rasa mota."