Sagarar Inna Ta Yi Cara

Mahaifiyarmu ba ta bar mana saniya ba, ba ta bar zinariya ba. Kaji ta bari. Amma kajin Inna ba irin waɗanda motoci ke niƙewa bisa hanyar garin Dogarawa ba ne. Wake-wake ne, baƙi da fari, masu gajerun ƙafafu, kuma duk garinmu an san in kazar Inna ta yi kwanci, ko dutse ka sa mata sai ta ƙyanƙyashe shi. Na taɓa ganin guda ta bi shirwa sama ta ƙwato ɗanta. Mutane na cewa ina ƙara gishiri. To, wataƙila ba ta kai gajimare ba, amma ta wuce kan rumbu.

Inna ta gaji irin daga uwarta, ita ma daga tata uwar. A gidanmu haka ake yi: ranar da za a kai ɗiya ɗaki, uwarta na sa mata sagara guda cikin kwando, wato budurwar kaza wadda ba ta fara ƙwai ba. Yayata da ke aure a Badaguishiri ta samu tata, amma ciwon kaji ya share mata su tun da daɗewa. Shekarar da Inna ta rasu, ciwon ya shigo mana mu ma. Kowace safiya sai in buɗe akurki in kwashe gawa. Guda kaɗai ta tsira, tsohuwa tukuf mai ido ɗaya, wadda ina jin ko ciwon ne ya dube ta ya ji kunya.

Ranar sadakar arba'in Yaya ta ja ni bayan rumbu.

"Auta," ta ce, "ba ni son tukunya, ba ni son zane. In wagga tsohuwa ta ƙyanƙyashe, sagara guda nike so. Ɗiyata ta kusa aure, ba ni da komi na Inna da zan sa mata cikin kwando."

Na ce, "Guda, Yaya? Ki zo da kamiyo, babbar motar kaya."

Tsohuwa ta ba da haɗin kai. Zakaran maƙwabta ya riƙa tsallako danga, ta fara ƙwai. Matata ta ce zagayayyun ƙwai ke ba da mata, masu tsini kuwa zakaru, don haka munka soye masu tsinin munka cinye, munka sa mata zagayayyun. Ta ƙyanƙyashe bakwai. Ta yi yawo da su har sunka fara gashi, sannan wata ranar bazara, da rana tsaka, na tarar da ita ƙarƙashin rumbu ta miƙe ƙafa. Daga ranar, duk abin da ya saura na Inna da uwarta da kakarta yana cikin 'yan tsakin nan bakwai.

Sai aikin gane mace da namiji. Maƙwabcinmu, tsohon direban taksi da ya ajiye tuƙi, ya ce shi ya gaji sanin abin. Ya riƙa kama ɗan tsako ta ƙafafu yana rataye shi kai ƙasa: wanda ya ɗago kai yana faɗa, namiji, wanda ya saki jiki, mace. Ya gwada su duka ya ce mata huɗu. Washegari ya sake gwadawa ya ce mata biyu. Matata ta ce a bar wahalar da su, a dubi kaurin ƙafa. Ni kuma na ce a jira zanko, jan naman nan na bisa kai, shi ba ya ƙarya.

Kuma bai yi ƙarya ba. Zanko ya riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, ja wur, kamar an shuka barkono bisa kawunansu. Na farko na yi dariya. Na uku na daina. Da na shida ya fito na zauna bakin turmi na riƙe kai. Tsakar gidana ta koma filin kokowa, tun safe ana ɗaga gashin wuya ana zubar da jini, kuma kowane na ci kamar ya dawo daga ci-rani. Ga rumbu ya yi ƙasa, damina ba ta kankama ba.

"Malam," in ji matata, "zakara ba shi ƙwai. Ci da faɗa da cika mana kunne, su kaɗai ya iya. Hatsin ga na ɗiyanka na, ba na 'yan kokowa ba."

Amma akwai ta bakwai. Ƙarama ce, zankonta ɗan mitsitsi, fari-fari, ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. In an watsa dusa sai ta jira kowa ya ƙoshi. Sauran na tsattsage mata kai, ta gudu ƙarƙashin rumbu, daidai inda uwarta ta mutu. Direba ya rataye ta, ta saki jiki kamar tsumma. Matata ta duba ƙafa ta ce siririya. Karo na farko da mu uku munka yarda da abu guda. Na kira Yaya a waya na ce, "An samu amarya."

Ko ɗiyana ban yi musu hidimar da na yi wa tsuntsuwar nan ba. Nakan cusa kara da kashin shanu cikin tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife bisa gidan gara, da safe in je in ɗauko cike da gara in zazzage mata ita kaɗai, ina tsaye da sanda ina korar 'yan uwanta.

Su kuwa na shiga rage su. Guda ya tafi sunan jikan liman. Guda ya faɗa tukunya da wani baƙo ya zo daga Konni. Biyu na ɗaure a kan moto, wato babur, na kai kasuwar Illela, inda na tarar kowa da nasa zakarun, sai ka ce ranar an hana mata fitowa. Guda na musanya da dusa. Babban nasu na so in bari don ya hau sagarar, amma ya fasa mata kai har jini, sai na yanka shi ranar gayyar noma.

Gida ya yi tsit. Sagarata ta fito daga ƙarƙashin rumbu, ta fara takawa tsakar gida tana ƙasaita. Zankonta ya fara ja yana girma. Na ce alhamdu lillahi, haka kaza ke yi in ta kusa ƙwai. Na nemo fasasshen tulu na zuba ƙaiƙayi na ajiye mata a inuwa. Na kira Yaya na ce ta zo ta ɗauki abinta.

Ana gobe za ta zo, da hantsi, ina gyaran hauya, sai sagarar ta haye bakin turmi. Ta karkaɗa fukafukai, ta miƙe wuya, ta saki wata murya kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano. Ta sake. Ta uku ta fito cara sosai, wadda ko kurma zai tashi salla da ita.

Direba ya leƙo bisa danga, ya daɗe yana kallo. "Tsoro na ya hana shi," ya ce a hankali. "Gidan da ke da manya, ƙarami ba shi cara, ko zanko ba shi yarda ya fito. Kai ka kore mishi su."

Na ɗauki waya na ajiye, na ɗauka na ajiye, har gari ya waye.

Yaya ta sauka da mijinta, tana riƙe da sabon kwando da ta shimfiɗa wa ɗan ƙyalle. Ba su gama sallama ba ya haye turmi ya yi musu maraba. Mijinta, da yake abokin wasana ne, ya kwashe da dariya. "Kai, amaryar taku ladani ce?" Ya waiga ya ga fuskar matarsa, ya haɗiye sauran.

Na ce, "Yaya, ki tafi da shi. A samo mishi kaza, 'ya'yan za su fito wake-wake."

"Kazar wa?" ta ce. "Ta uwar wa? Ba a kai ɗiya ɗaki da zakara, auta."

Matata ta kira ni bakin madafa ta yi ƙasa da murya. Mijin Yaya ya sauka, ba a tarbarsa da miyar kuka tsura, kuma duk gidan babu mai fukafuki sai shi. Na ce a ranto wajen maƙwabta. Yaya ta ji mu daga inda take zaune.

"Yanka shi," ta ce. "Mi za ka jira?"

Ban sha wahalar kama shi ba, don ya saba in na miƙa hannu gara ce. Na fuskanci gabas, na yi bisimilla.

Da aka kawo akushi na yi ƙoƙarin cewa wani abin dariya game da garar da ya cinye mini, ba wanda ya taya ni. Yaya ta ɗan taɓa romon ta wanke hannu. Da la'asar na raka su bakin hanya. Yaron mota ya miƙo hannu zai ɗaure kwandon bisa, ta ce a bari, ba komi ciki, ta shiga ta aza shi bisa cinya.