Kamado mai awara da kurwar jikarta

Duk wanda ya taso a ƙauyenmu na tsibirin Miyako ya ci awarar Kamado, wanda ya ce bai ci ba ƙarya yake. 'Yar guntuwar tsohuwa ce mai faɗan tsiya. Tun tana amarya take sauka bakin teku da guga, ta ɗebo ruwan gishirin da take haɗa awararta da shi. Ba ta tsoron uban kowa, don ta taɓa korar bijimin sa daga gonar rake da muciya.

Guguwar teku ce ta karya ta. Ranar da iska ta baje gidansu na katako, ɗanta Seikichi ya fita ƙara wa kwalekwalensa igiya, bai dawo ba. Da iska ta lafa, ita ta fara isa bakin ruwa, ta tarar da guntun igiya a jikin turke. Tun daga nan ko rugugin teku ta ji sai gwiwoyinta su saki. Awara ta tsaya. Suka tare a rumfar awaki, ita da surukarta Fumi da jikarta Chizu, 'yar shekara bakwai.

Chizu ce babban tashin hankalin. A ranar an tsince ta tsugune bayan katanga, jiƙe sharkaf, kuma ba ta sake cewa uffan ba. Abinci sai an ɗura mata. Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Ƙalau ina! Yarinya kullum tana ƙanjamewa? Kamado ta san ciwon. A wurinmu, in yaro ya firgita kurwarsa kan suɓuce ta faɗi a inda ya tsorata, sai an je an kira ta, an ɗauko ta cikin tsakuwa uku an mayar masa. In aka bar ta can, shi yake bin ta.

Kamado ta kira kurwar Chizu a bayan katanga, shiru. Sai ta ce to a cikin gida ta faɗi, ƙarƙashin tarkace.

Da maƙwabta suka yi gayya suka kwashe tarkacen, Kamado ta dawo daga yankan ciyawar awaki ta tarar har an kwaɓa siminti. Rediyo ya ce wata guguwar tana tafe, kowa gaggawa yake a samu ko ɗaki ɗaya mai ƙwari. Ta yar da ciyawar ta ruga.

"Ku tsaya! Gushiken, in ka zuba simintin nan sai na fasa maka kai!"

Gushiken magini ya share gumi. "Haba Iya, siminti ba ya jiran kowa. Kuma ni kaina ya riga ya fasu, matata ta riga ki."

Ba wanda ya yi dariya. Fumi ta riƙo hannun Kamado. "Mama, ki rufa mana asiri. In guguwar ta same mu a rumfar awaki, mu ukun za ta kwashe."

"Sai ki binne mini jika da ranta? Ke kika haife ta kuwa?"

Fumi ta saki hannun, ta juya baya tana kuka.

Kamado ta jawo yarinyar, ta durƙusa a tsakiyar filin da rigar Chizu da ƙoƙon shinkafa. Ta shiga kaɗa rigar. "Kurwa, kurwa, taso mu je gida. Ga shinkafa, ga kifi." Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Chizu na tsaye kamar icce. Sama ta yi jajawur, iska ta soma kaɗa ganyen rake, tsohuwa kuwa tana tambayar kanta: in ba a nan ba, to a ina?

"Kaka."

Muryar a dishe take, har sai da aka waiwaya neman mai ita.

"Ba nan ba ne. Na bi Baba."

Ashe yarinyar nan har bakin ruwa ta bi uban, a gabanta aka yi komai, ta dawo ita kaɗai cikin wannan masifa. Kamado ta dubi gangaren da ke sauka teku.

"Iya, bari in je a madadinki," in ji Gushiken.

"Kurwar ta san muryarka ne? Zuba simintinka."

Ta kama hannun Chizu suka gangara. Ba jarumta ta yi ba, kada ma wani ya faɗa. Sau biyu tana zubewa a hanya, tana kiran sunan mahaifiyarta da ta daɗe a kabari. Teku ya yi baƙi, yana dukan duwatsu yana tofo musu gishiri a fuska. Turken na nan, guntun igiyar na nan. Ta runtse ido ta rarrafa, ruwa ya doke ta har ƙirji ya ja baya, ta damƙo tsakuwa uku tana ihun kiran kurwa. Ta ƙulle su a rigar, ta zura wa yarinyar, ta shafa mata baya.

"Shi ke nan, mu gudu!"

Chizu ta ƙi motsi. Ta sunkuya ta tsinci wasu tsakuwa uku, ta cusa wa kakarta a tafin hannu.

"Taki fa, Kaka? Ita ma tana nan."

Sai ta kama bakin rigar tsohuwar tana kaɗawa, da 'yar disasshiyar muryarta. "Kurwa, kurwa, taso mu je gida. Ga awara."

Kamado, wadda ko a zaman makoki ba a ga hawayenta ba, ta zauna daɓas cikin ruwa ta fashe da kuka, har sai da Fumi ta gangaro ta kinkimo su.

Guguwar ta zo, suka fake a makarantar ƙauye, ta tafi da rumfar awaki. Bayan ta wuce aka ga Kamado tana gangarawa da guga. Gwiwoyinta ba su daina rawa ba har ta mutu. Chizu ce ke riƙe mata hannu.