Ƙishirwar Wayar Kurfi

A shekarun da nake gyaran wayar tarho a Dutsin-Ma, layin da ya tafi ɗakin shan magani na Kurfi shi ya fara sa mini furfura. Da mutuwa ya yi da na huta. Cin magana yake yi: ka faɗi zance cikakke, rabi ya isa, rabi ya zube a gonakin Birchi.

Ungozomar wurin, wata Kirista 'yar kudu da kowa ke ce wa Sista, da layin take kiran motar asibiti in haihuwa ta gardama. Ran nan ta tare ni a bakin ƙofar ɗakin.

"Malam, jiya ina ta ihu a turo mota, suna cewa in sake faɗa. A kan jaki aka kai mai naƙudar bakin titi. Ga wata watanta ya kama, kwanciyar ɗan ba ta yi mini ba."

Na ce, "Haba Sista, muryar nan taki ko ba waya ai har Katsina za a ji." Ba ta yi dariya ba, ni ma na haɗiye tawa.

Na hau falwaya har ƙadangaru suka fara gaishe ni. Na sake batir, na sare rassa. Kullum in na yi sallar azahar na gwada, magana tas. Ina komawa gida, ƙorafi na biyo ni. Sista ta ce wayar ni kaɗai take jin kunya.

Wata rana na tsuguna alwala a bayan ɗakin, inda na saba, sai na ga ruwan yana gangarawa gindin wani ƙarfe. Layin namu waya guda ce, ta cikin ƙasa magana ke komowa, ta wannan ƙarfen. Ga bazara, ƙasa ta bushe ƙamas. Ashe butata ce ke gyara layin na ɗan lokaci, ni ina ta neman laifi a sama.

Na haƙa rami a gindin ƙarfen na zuba gawayi da gishiri don su riƙe danshi. Sista ta girke randa da butoci a wurin, duk wanda ya rako marar lafiya ta ce, "Alhaji, can baya ake alwala."

Da naƙudar matar nan da watanta ya kama ta tashi ba na nan. An ce sau ɗaya Sista ta yi magana, mota ta zo. Har yau in wani ya ce ya kira ba a ji shi ba, nakan tuna da butata kafin in ɗora wa mai sauraro laifi.