Injin da Yaya bai kashe ba

Yayana ne ya kawo ni Doha. Shi direban wani kamfani ne, ni kuma ina gyaran ɗakuna a otal a Lusail. Lokacin korona da aka kulle mu a masauki, shi ke zuwa bakin ƙofa ya ajiye mini ledar garin kunu, ya ja da baya ya ce, "Auta, kar ki matso, ke ce cutar." Ba ni da kowa a ƙasar nan sai shi.

Ba a daɗe da gama gasar ƙwallon duniya ba aka yi girgizar ƙasa a Turkiyya. Ɗan mai kamfaninsu yana cikin sojojin ko-ta-kwana, waɗanda suka yi horo suka koma harkokinsu, sai an buƙace su a kira. Aka kira su kai agaji, ana neman direbobi, ya tafi da Yaya. Kafin su tashi na yi ta kuka a gabansa a wani gidan abinci a unguwar Najma.

"Haba Auta, barguna zan kai fa, ba yaƙi ba. Ci shinkafarki ko in cinye."

Ya dawo lafiya, ko ƙwarzane babu. Sai dai ya daina tsokanata. Ina yi masa magana sai ya ɗaga hannu ya karkata kai, kamar wanda aka kira daga nesa.

Wata Juma'a ya ɗauke ni a ƙaramar motar kamfani. Zafi ya riga ya shigo. Muna wuce wani gini da ake yi a Lusail, wani lebura ya ɗaga hannu sama, ina jin abokinsa yake kira. Yaya ya taka birki a tsakiyar titi ya kashe mota. Motar bayanmu ta kusa hawa kanmu. Ko'ina hon, wani Balarabe yana ihu, "Yalla! Yalla!"

"Yaya, za a kashe mu!"

"Yi shiru," ya ce. "Don Allah yi shiru."

Da ƙyar ya kai mu gefen hanya. A nan ya gaya mini.

A Doha direbobi ba sa kashe inji in sun tsaya, saboda na'urar sanyi, har ya zame musu jiki. Can Turkiyya kuma sanyi ya tarar mai shiga ƙashi. Ranarsa ta farko ya tsaya kusa da wani bene da ya rushe, ya rufe gilas, ya bar inji yana ɗumama shi. Ashe masu tono suna da ƙa'ida: in wani ya ji motsi a ƙarƙashin ɓaraguzai, sai ya ɗaga hannu, a kashe komai, a kasa kunne. Ba wanda ya gaya masa. Ya ga an ɗaga hannu, ya ga kowa ya tsaya cak, ya zaci addu'a ake yi. Sai da ɗan mai kamfanin ya rugo da kakinsa yana dukan ƙofa, "Khalas! Kashe!" Da ya kashe, suka saurara. Ba su ƙara jin komai ba.

"Wataƙila dutse ne ya zame, Yaya."

"Wataƙila," ya ce. "Ko kuma mutum ne, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan."

Ashe ba ranar ya fara tsayawa a titi ba. Kamfanin suka karɓe makullin, suka ce ya koma gida ya huta. Ni kwantiragina bai ƙare ba. A filin jirgi na yi ta jira ya tsokane ni ko sau ɗaya, sai kawai ya ce in riƙa kulle ƙofa.

Yanzu in ina share kafet a hawa na sama, nakan kashe injin shara in tsaya. Mai duba aikinmu ta tambaye ni me nake saurare. Na ce mata ba komai, na kunna.