Wankan da Ya Roƙe Ni In Yi Masa

Assalamu alaikum. Edita, na daɗe ina karanta wannan shafi ina cewa masu rubutowa sun cika tonon asirin kansu, sai ga shi yau ni ma na ɗauki alƙalami. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin bakina ya riga ya yi ɓarnar da ta ishe ni.

A farkon shekarun 1980 na zo Landan karatun haɗa magunguna, da niyyar in gama in koma gida. Karatu ya ƙare, komawa ba ta yiwu ba, na samu aiki a wani kantin magani, na ɗauko iyalina muka zauna a gidan haya na council, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Catford. A lokacin ni mutum ne mai son a ce ya sani, kuma mai jin daɗin magana a tsakiyar taro. Mahaifina shi ne mai wankan gawa a unguwarmu can gida, tun ina saurayi nake riƙe masa buta, don haka duk namijin da ya rasu cikin jama'armu a Landan ni ake kira. Mutane suna ganin girmana saboda wannan aiki, ni ma ina ganin girman kaina, har ya wuce yadda ya kamata.

A wani ɗan zaure da muke haya don sallar Juma'a na haɗu da mutumin da zan ba da labarinsa. Ɗan zangon Kumasi ne, ya girme ni kaɗan, yana sayar da atamfa da turare da huluna a Stratford. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da ɗan gemu wanda ya ƙi cika. Kullum ina tsokanarsa cewa Hausarsa ta sha ruwa a hanya kafin ta isa Gana, shi kuma ya ce mu mutanen Najeriya mun iya Hausa amma ba mu iya dafa shinkafa da wake ba. In an yi rasuwa shi ne na farko wajen ɗaukar makara, shi ne na ƙarshe wajen barin maƙabarta, amma ko da wasa bai taɓa leƙa ɗakin wanka ba. Ba shi da mata. Matanmu sun yi ta nemo masa har suka gaji, yana dariya yana cewa atamfarsa ta ishe shi rigima. Bai taɓa zuwa gida ganin dangi ba, kuma a masallaci kullum yana ƙarshen sahu, jikin bango. Duk mun ga waɗannan abubuwa, ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya.

Wajen tsakiyar shekarun 1990 ya fara ramewa. A lokacin ne kuma ya fara yi mini wasu tambayoyi da ban san dalilinsu ba. Ya tambaye ni mutum nawa ne dole su shiga ɗakin wanka. Wata rana ya tambaya ko ana yaye mayafin gaba ɗaya. Na bayyana masa cewa ana rufe tsakanin cibiya da gwiwa, mai wanka ya naɗe hannunsa da ƙyalle ya wanke ta ƙarƙashin zane. Sannan ya tambaya ko mutum ɗaya zai iya yin aikin shi kaɗai in gawar ba ta da nauyi. Na yi dariya na ce ko yana shirin tafiya ne ba sallama. Bai yi dariya ba, ya ci gaba da ninke atamfar da ke hannunsa.

Ranar wata Talata ya roƙe ni in kai shi wani asibiti a Marylebone, ya ce ƙafafunsa ba za su iya matattakalar jirgin ƙasa ba. Na jira shi a mota ana yayyafi. Da ya fito ya shiga, na ɗora hannu zan tayar da mota, sai ya ce in dakata. Ya ce likita ya gaya masa ciwon daji ne, ya riga ya bazu. Na fara yi masa addu'a, ya bari na gama, sannan ya faɗa mini inda ciwon ya fara. A mahaifa ne. Na ɗauka Hausarsa ce ta sake kuɓuce masa, na juya zan gyara masa, sai na ga fuskarsa. Wallahi ban taɓa jin mota ta yi mini ƙanƙanta irin na wannan rana ba.

Ya yi magana a hankali, idonsa a kan gilashin gaba. Ya ce da aka haife shi an raɗa masa sunan mace, an huda masa kunne, amma tun bai san hagu da dama ba ya san shi namiji ne, kamar yadda ni ma na sani ba tare da kowa ya koya mini ba. Ya ce an yi duka, an yi rubutun sha, an yi hayaƙi, ba abin da ya canza sai dai ya koyi yin shiru. Na ce masa mu dai 'yan daudu muka sani. Ya ce to ai wannan ɗaya ɓangaren ne, ɓangaren irinsa kuwa ko suna ba a ba shi ba, shi ya sa ya girma yana zaton shi kaɗai Allah ya yi haka. Sai da ya zo Landan ya samu wani likita da ya saurare shi, aka fara yi masa allurar da ta sa muryarsa ta buɗe gemu ya fito, daga baya aka yi masa aiki a ƙirji. Ya ce akwai wani ɗan ɗaki da irinsu suke haɗuwa jefi-jefi, Turawa da baƙaƙe. Wasu sun yi aiki, wasu ba su so, wasu ma cewa suke su dai sun fi kusa da maza, ba su damu a kira su komai ba. A can ya ji cewa abin ba sabo ba ne, tun zamanin da akwai waɗanda suka yi aikin soja da na jirgin ruwa, suka tsufa a matsayin maza. Ya ce abin da ya hana shi barci a tarihin nan shi ne yawancinsu a kan gadon wanka aka gano su, aka tara mutane, aka mayar musu da sunan da suka gudu suka bari.

Daga nan ya faɗi buƙatarsa. In ya mutu, in yi masa wanka ni kaɗai, in naɗa masa likkafanin maza da rawaninsa, a sallace shi a yadda aka san shi. Ya ce ciwon ma kunyar zama a layin mata ce ta sa ya ƙi zuwa asibiti har ya ci ƙarfinsa, ba ya son abin da ya guda da ransa ya same shi ba ya iya ko ja mayafi. Ya ce ya zaɓe ni ne don shekara da shekaru yana saurarena, bai taɓa jin na faɗi abin da na gani a jikin wata gawa ba. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Ya ce lokacin ba nasa ba ne balle ya ba ni.

Gaskiya na shiga ruɗani, kuma ba zan ce ruɗanin na ƙarya ba ne. Ina tsoron Allah, ina tsoron in yi abin da bai halatta ba, ga kuma mutumin da na yi shekaru ina haɗa kafaɗa da shi a sahu. Abin da ya dace in yi shi ne in sami malaminmu shi kaɗai a gidansa. Amma hali zanen dutse. Ranar Juma'a bayan salla muna zaune ana shan shayi kamar yadda muka saba, ana kawo mas'aloli malam yana amsawa, sai na ji bakina ya buɗe. Na ce a ƙaddara akwai wani mutum, ba a nan ba, wanda aka haifa mace ya rayu a matsayin namiji, wa zai yi masa wanka. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai son a ce tambayata ta fi ta kowa zurfi ya ja ni, na ƙara cewa a ƙaddara ya daɗe da barin ƙasarsu, bai taɓa komawa ba, bai yi aure ba, ga shi yanzu ba lafiya. A raina ban faɗi suna ba, don haka ban ci amana ba. Na manta mu duka ba mu cika zaure ɗaya ba, kuma ranar mutum ɗaya ne rashin lafiya ta hana shi zuwa.

Malam dattijo ne mai hankali. Ya ce mas'ala ce mai buƙatar bincike, amma ko inda aka rasa sanin wanda ya dace ya yi wanka akwai taimama, kuma ba a binne mai kalmar shahada ba tare da salla ba. Sannan ya dube ni ya ce irin wannan tambaya a ɗaki ake yin ta. Na ga wani ya ajiye kofinsa yana kallon jikin bango, inda abokina ya saba tsayawa. Nan take na san na yi ɓarin da ba ya kwasuwa.

Abin bai fashe lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa tsatsowa. Matata ta dawo daga wani suna ta ce mini ana wata magana da ba ta gane kanta ba. Mata suka fara zuwa rumfarsa a Stratford, su ɗaga atamfa su ajiye, idonsu a kan wuyansa da hannuwansa. Da ya samu ƙarfin zuwa masallaci, wanda ke kusa da shi ya bar tazara a sahu, ba wanda ya ce a cike ta. Wani ya ba shi hannu ya riƙe ya ƙi saki, yana ƙare wa gemunsa kallo. A bakin ƙofa, wajen takalma, na ji wani yana cewa ai in ta Allah ta kasance sai a kira mata su duba gawar, gaskiya ta fito. Abokina yana tsugune yana ɗaura igiyar takalminsa, ya ji komai. Ya miƙe da ƙyar, ya zo wurina ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya saka mini da alheri a kan kai shi asibiti da na yi. Ko kalma ɗaya ta zargi bai faɗa ba. Na so in ce masa na amince, zan yi, malam ma ya ce akwai mafita. Idon mutane ya hana ni, na ce a raina zan same shi a gida.

Da na je gidan nasa bayan kwana biyu, maƙwabciyarsa Baturiya ta ce ya kwashe 'yan kayansa ya tafi, bai ce ga inda ya nufa ba. Rumfarsa wani ne a ciki yana sayar da jakunkuna. Na zagaya asibitoci, ba wanda zai gaya wa wanda ba dangi ba komai. Duk wayar da ta yi ƙara a gidana sai in ruga in ɗauka, ina fatan kiran wanka ne, ina kuma tsoron ya zama shi.

Kiran bai taɓa zuwa ba. Bayan wasu watanni wata mata 'yar Gana da ke aikin shara a wani gidan jinyar marasa lafiya a bayan gari ta ba matata labarin wani mai Hausa da ya rasu a wurinsu. Ta ce yana salla a kwance har ranarsa ta ƙarshe, carbi a hannu. Ma'aikatan sun tambaye shi ko a kira masa liman ko wani daga cikin jama'arsa, ya ce kada a kira kowa, ba shi da kowa. Council ce ta binne shi a cikin akwati, a kabarin da ake haɗa waɗanda ba su da dangi. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Mutumin da ya ɗauki makarar kowa ya gwammace ya tafi haka da ya faɗo hannunmu.

Na nemi maƙabartar na je. Wani ma'aikaci ya nuna mini wurin, ciyawa ce kawai, ba ko alama. Na tsaya ni kaɗai na yi masa kabbara huɗu, na yi kukan da ban yi wa mahaifina ba. Salla dai na samu na yi, wankan kuwa ya wuce har abada.

'Yata da aka haifa a nan ta gaya mini yanzu akwai suna da Turanci, transmasculine, da ya haɗa duk wanda aka ɗauka mace a haihuwa amma ransa ya karkata ga zama namiji, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Na ce mata sunan ya zo a makare. Ni ba malami ba ne, ban rubuto don in yanke hukunci a kan rayuwarsa ba, wannan tsakaninsa ne da Wanda ya halicce shi ya kuma fi ni sanin abin da ke zuciyarsa. Abin da na sani shi ne bai roƙe ni in fahimci komai ba, sutura kawai ya roƙa, kuma ita ce sana'ata. Masu karatu, in wani ya ɗauko sirrin da ya fi ƙarfinsa ya ɗora muku, ku sani ɓoye suna ba shi ne riƙon amana ba, siffa ma tana nuna mutum. In kuna da tambaya ku kai ta ɗaki. In kuma kuna da amsar da za ta kwantar wa mara lafiya da hankali, ku ba shi a ranar, kada ku ce sai gobe. Har yau ana kirana wanka, kuma duk ran da na rufe ƙofar ɗakin nan na ɗauki buta sai na tuna wankan da ya roƙe ni. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi wa bawan Allah nan addu'a, don bai samu sahu ko ɗaya a bayansa ba.