Kwalaben Mai Gemu

Sana'ata sayen tsofaffin motoci da sayar da su. Ina da fili a Manassas, nan Amurka, kuma na daɗe a kanta. Akwai dabarar da kowane dillali ya sani: idan injin mota ya fara ƙwanƙwasa, sai a ɗura masa baƙin mai mai kauri, ƙarar ta kwanta na sati biyu ko uku, daidai lokacin da za a rabu da motar. Ba zan ce ban taɓa yi ba. Amma duk ranar da aka kawo mini tsohuwar mota na ji injinta ya yi luf fiye da shekarunta, Iya nake tunawa, kakata ta wajen uba, da kwalabenta shida.

Ta zo ne a tsakiyar shekarun tamanin, ina ɗan shekara tara. Muna zaune a wani gidan haya mai hawa uku a Wheaton, ɗaki biyu da falo. Baba yana karatu da rana, yana tuƙa tasi da yamma. Mama nas ce, ta fita ƙarfe biyu ba ta dawowa sai mun yi barci. Ba wanda zai zauna da ni da ƙanwata Dije, shi ya sa aka aika wa Iya tikiti ta taso daga Funtuwa. Ta iso da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. A can ƙasan akwati kuma, cikin tsohon zani, ga kwalabe shida da ba ta nuna wa kowa ba sai ni.

Kwalba ce baƙa-baƙa mai faɗin kafaɗa. A jikinta akwai takarda mai hoton wani Bature da gemu har ƙirji, a ƙasansa an jera abin da maganin ke warkarwa: tari, mura, shaƙewar ƙirji, dishewar murya, rashin barci. In an buɗe, warin kanumfari da kwalta ya cika ɗaki. A wani kemis na bakin tasha ta saya. Ta ce marigayi kakanmu shi yake sha tun zamanin Turawa. Mai Gemu take kiransa, kamar wani maƙwabci da aka saba da shi.

Sai na faɗi yadda gidanmu yake, don ba kowa zai gane ba yanzu. Baba ɗan farin Iya ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama ta yi hira da shi, in ya shigo falo sai ta juya kai. "Wancan" take ce masa. Mama kuwa suruka ce. Da safe za ta durƙusa a bakin ƙofa, idonta a ƙasa, ta yi gaisuwa, Iya ta amsa daga cikin mayafi, shi ke nan sai gobe. Ba faɗa tsakaninsu, ba ƙiyayya. Kunya ce, kuma kowannensu yana alfahari da ita. Duk saƙo ta kaina yake bi. Baba zai ce in tambayi Iya ko ɗakin yana da ɗumi, ita kuma ta ce in gaya wa wancan ya daina ɓarnar kuɗi a kan 'ya'yan itace. Ni kaɗai ne ba ta jin kunyata, don jika abokin wasa ne. Maigida take kirana, tana yi mini gorin cewa ta auri miji marar ko akuya.

Hirarmu tsakanin magariba da lisha ce. Ba murhu a gidan, sai wata hita mai jajayen wayoyi da Baba ya sayo, ita ce wutarmu. Iya ta shimfiɗa darduma a gabanta, ta miƙe ƙafa, ta kashe fitilar falo don ta ce tatsuniya ba ta son haske. Jan hasken hitar yana bugun rabin fuskarta. Ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zo ta sha ɗumi." Dije tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, Iya ta ce mata 'yar Nasara. In labari ya ƙare kuma ta tafa hannu ta ce, "Ta tafi, ku rufe ƙofa."

Da farko labaranta na dariya ne, kura da wautarta, dila da wayonsa. Tari tana yi jifa-jifa, kowa ya ɗauka sanyi ne. Kafin Mama ta tashi da safe, da kuma kafin Baba ya leƙo cin abinci, sai ta aike ni in ɗauko Mai Gemu. Cokali ɗaya, tarin ya ɗauke kamar an rufe famfo. Ni ke kai kwalbar da ta ƙare babbar bola ta bayan gida, a naɗe cikin takarda. Ta ce wannan tsakanin mata da miji ne, kada wancan ya ji, kada yarinyar nan ta ji. Mama ke nan.

Muna cikin kwalba ta huɗu ta fara wani labari da ban taɓa ji ba, ban kuma sake jinsa a bakin kowa ba.

Wai wata tsohuwa ce ta je zama gidan ɗanta a wani gari mai nisa. A hanya ta sha ruwa a wata rijiya, wani ɗan abu kamar ƙwayar gero ya bi ruwan ya sauka a ƙirjinta. Baƙo ne mai ladabi. Duk sanda ya ji yunwa sai ya ƙwanƙwasa daga ciki, mutanen gida su ji, su juyo. Tsohuwa ta ji nauyin a ce ta zo gidan mutane da baƙo. Ranar kasuwa ta je wajen wani mai magani da ke zaune a ƙarshen layi, inda ba rumfa. Ya ba ta gora, ya ce mata gaskiya tun da wuri: wannan ba ya korar baƙo, hana shi ƙwanƙwasawa kawai yake yi. Ci kuwa zai ci gaba da ci. Ta ce ta yarda. Gida ya yi tsit. Ɗanta ya ce alhamdu lillahi, matarsa ta ce alhamdu lillahi. Baƙo ya cinye ɗaki ɗaya na ƙirjin, ya leƙa na biyu. Ba wanda ke jin taunarsa sai kyanwar gidan, don ita ke kwana a jikin tsohuwa.

Nan Iya ta tsaya. Na ce, sai me ya faru?

"Sai kyanwa ta yi magana, Maigida. Ni ina na sani?"

Na ce kyanwa ba ta magana. Ta ce a tatsuniya har turmi yana magana in ya ga dama. Ta ja mayafinta, ba ta tafa hannu ba, ba ta ce mu rufe ƙofa ba. Dije ta hana kanta barci a ranar, wai an bar labari a buɗe, abin zai shigo.

Washegari Iya ta sake shi. Jibi ma haka. Ba ta canza komai sai girman baƙon: yau ya kai ƙwan zabuwa, gobe ya kai dunƙulen hannu. Kullum a wajen kyanwa take tsayawa. Ta daina amfani da cokali, da bakin kwalba take kurɓa. Wani lokaci tana tsakiyar magana kanta zai langaɓe, idonta rabi a buɗe, mu zauna muna kallon ƙirjinta mu ga ko yana motsi. Awarwaron hannunta da a da yake tsayawa a wuyan hannu ya koma zamewa har gwiwar hannu. Mama ta lura ta rame, ta ce in tambaye ta ko abincin ne bai yi mata ba. Iya ta ce in ce abinci lafiya lau, shinkafar Amurka ce ba ta da albarka. Na kai saƙon yadda aka ba ni.

Akwai wasu tsummoki da take wankewa da kanta a banɗaki, ta shanya a bayan hita. Wata rana na riga ta shiga, na tarar da ɗaya a jiƙe cikin roba. Ruwan ya yi ja-ja. Ta tsaya a bayana, ta ga na gani. Ta ce goro ne. Goronta kuwa ya ƙare tun watan da ta zo, ni na sani, don ni ta aika in gaya wa Baba.

Daga ranar zuwa ranar da na buɗe baki, kwana goma sha tara ne. Ban manta ba, kuma ba zan rage ba don in fita kunya. Na yi alkawari, kuma ita ce mutum na farko da ya taɓa ba ni amana. Ina kuma tsoron in na faɗa a mayar da ita Funtuwa, mu koma zama mu biyu da talabijin. Yaro ma yana da nasa lissafin.

Abin da ya karya ni kwalba ta shida ce. Ta ɗaga ta gaban hita, saura kamar yatsa biyu. Ta ce in duba kantin magani na bakin titi ko suna da Mai Gemu. Na je da tsohuwar kwalba da ban kai bola ba tukuna. Mai kantin, wani dattijon Bature, ya karanta takardar, ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau. Ya tambaye ni wa ke shan wannan. Na ƙwace kwalbar na gudu. A daren Iya ta ba da labarin, baƙo ya kai girman jariri, ta zo wajen kyanwa ta tsaya. Wannan karon ba ta ja mayafi ba. Kallona ta yi, ta daɗe tana kallona.

Da safe na kai wa Mama kwalbar a kicin, na gaya mata har da tsumman. Ta karanta ƙananan rubutun da ke gefe, ta zauna a kan kujera. Daga baya ta gaya mini abin da ke ciki, a asibitinsu a kabad mai makulli ake ajiye irinsa. Ta ɗauko abin sauraron ƙirjinta na aiki, ta je bakin ƙofar Iya, ta durƙusa kamar kullum. Sai ta kasa shiga. Matar da ke tuɓe marasa lafiya goma a wuni ta kasa cewa uwar mijinta ta ɗaga riga.

Ta kira ni. Ta sa abin a kunnenta, ta ba ni ƙarfen, ta zauna ta juya fuska bango. Ni na cusa hannu cikin mayafin Iya ta baya. Mama tana cewa sama kaɗan, dama, tsaya nan. Ta ce in gaya wa Iya ta ja numfashi. Na gaya mata, alhali tsakaninsu bai kai kamu biyu ba. Iya ta ja. Ban ji abin da Mama ta ji ba, bayan wuyanta kawai nake gani, amma na ga ya sandare.

"Iya," in ji Mama, har yanzu tana kallon bango, "tun yaushe?"

Wannan ce tambaya ta farko da na taɓa ji ta yi mata kai tsaye. Iya ta ce mini, "Gaya mata tun kafin damina." Tun tana gida ke nan.

Tarin fuka ne, wanda likitoci ke kira tibi. Huhu ɗaya ya riga ya lalace. An kwantar da ita a ɗaki ita kaɗai, mu kuma aka gwada mu duka, ni da Dije muka yi watanni muna shan ƙwaya. Ranar da aka bar ni na shiga ganinta, da ƙyalle a hanci, ta ce ga munafukin miji ya zo, mai kai ƙarar matarsa wajen suruka. Sai ta tura mini naman da ke cikin farantinta. Ta rayu shekara biyu bayan haka, da huhu ɗaya, ta koma Funtuwa ta rasu a ɗakinta. Likita ya gaya wa Baba da an zo da wuri da abin bai kai haka ba. Bai ce sati nawa ba, Baba bai tambaya ba, ni kuma ban taɓa gaya wa kowa adadin kwanakin ba sai yau.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan kwalbar, da wanda ya buga hoton gemu ya jera alkawura a ƙasa. Da na girma na ga ba ta yaudari Iya ba. Ta san abin da ta saya, shiru ta saya, kuma an ba ta. Abin da ba ta iya yi ba shi ne ta dubi ɗan da ta haifa ta ce masa ba ni da lafiya. Sai ta faɗa ta hanya ɗaya tilo da aka bar mata, kowace yamma, ga yaro ɗan shekara tara, tana jira ya gane.

Na sha cewa ni na wuce wannan. Bana tari ya kama ni tun farkon sanyi, ya wuce sati huɗu, kuma an gaya mana tun a wancan lokaci cewa ƙwayar takan kwanta a jiki shekaru ta farka. Sai ga ni a kantin magani, gaban jerin kwalabe ja da kore, na ɗauki ɗaya har na kai wajen biya. Matata tana Kano wajen biki. Ɗana na fari, Kabiru, yana Annandale, minti talatin daga gidana. Na mayar da kwalbar, na koma mota, na ɗauki waya na ajiye. Kwana uku ina haka. A rana ta huɗu na kira, ya ɗauka da Turancinsa yana tambayar ko lafiya.

Na ce, "Kabiru, ba ni da lafiya. Zo ka kai ni asibiti."

An ɗauki hoton ƙirjin jiya. Shi ya riƙe mini riga.